Gani ya kori ji: tushen aikin malaman gona a Amurka

A ƙasar Amurka akwai gundumomi sama da 3000, kuma da wuya a samu wadda ba ta da ma'aikatar wayar da kan jama'a da ke ƙarƙashin wata jami'a. Manomi yakan kai ƙasar gonarsa a auna masa, mai lambu yakan kai ganyen tumatirin da cuta ta kama. A wasu gundumomin har darasin tattalin kuɗin gida da na zaman aure ake bayarwa. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, akwai hannun ƴan kasuwa a tushen wannan aiki.

A shekarar 1862 shugaba Abraham Linkon ya sa hannu kan dokar da ta ba jahohi filaye don su kafa makarantun koyon noma. A 1887 aka ƙara musu tashoshin bincike. Sai dai ilimin ya tsaya cikin makaranta, don manomi ba ya sa abincin shekara cikin caca saboda maganar malami.

A 1903 wani dattijo masanin noma, Seaman Knapp, ya je garin Terel na jahar Teksas, a lokacin da ƙwaron auduga ke ɓarna a jahar. Ya nemi manomi guda ya gwada sabuwar hanyar noma cikin gonarsa, da hannunsa, a gaban maƙwabta. Walter Porter ya yarda ya ware kimanin hekta 28. Ƴan kasuwar garin suka tara dalar Amurka 1000 suka ajiye, da sharaɗin in gwajin ya lalace a biya shi asararsa. Da kaka ta yi, Porter ya samu ribar da ta ɗara wadda ya saba samu da kimanin dala 700, ba a taɓa kuɗin ajiyar ba. Maƙwabta suka gani, suka bi.

Waɗannan ƴan kasuwa ba sadaka suka yi ba. Sun san in manomi ya faɗi, bashin da ke kansa ya faɗi tare da shi, kanti kuma ya rasa mai saye.

A 1914 majalisar ƙasar ta kafa dokar Smith-Lever, wadda ta mai da aikin na ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin tarayya da jaha da gunduma ke haɗa kuɗin tafiyar da shi. Tun farko an lura cewa abin da aka noma a gona yana iya salwanta cikin gida, shi ya sa aka ɗauki malamai mata suna koya wa matan karkara adana abinci da tsara kashe kuɗi. Daga wannan reshe ne darussan iyali na yau suka fito.

Manoman wake na Nijar sun ga irin wannan hanya. Jami'ar Purdue, ɗaya daga makarantun da aka kafa bisa dokar 1862, ita ta ƙirƙiro buhun PICS mai ruɓi uku, kuma masanan INRAN na Maraɗi sun yi aiki tare da ita. Daga 2007 aka riƙa ɗaure wake cikinsa a gaban mutanen ƙauye, bayan watanni a kwance a gabansu, su ga ƙwaro bai ci ba.

Bincike aikin masana ne, horarwa aikin malamin gona. Amma ranar gwaji ta farko sai an samu wanda zai tsaya wa manomi in abin ya ɓaci. A Terel masu kantuna ne suka tsaya masa, tun kafin a kafa doka.