Korona da Teburin Yahudawa: Yadda Annoba Ta Shiga Tsakanin Mai Gida da Baƙonsa

Akasarinmu a wannan nahiya ba mu jin labarin Yahudawa sai ta bakin siyasa, wato rikicin Falasɗinu da mamayar ƙasa. Wannan batu yana nan da nauyinsa, amma ba shi ne a gabana yau ba. Abin da nake so mu duba shi ne halin da magidanci Bayahude ya shiga, a Urushalima ko Landan ko New York, lokacin da korona ta rufe ƙofofi a 2020, domin a addininsu babban rabo na ibada a teburin cin abinci ake yin sa.

Babban misali shi ne Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Fesak, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar. Darensa na farko ana yin walimar da ake kira Seder. A Ibrananci ma'anar kalmar ita ce tsari, littafin da ake karantawa kuma sunansa Haggada, wato ba da labari. Sunayen biyu kaɗai sun isa su nuna cewa ba cika ciki ne manufa ba. Kowane abu da ke kan faranti magana ce: gurasa marar yisti tana nuna gaggawar fita, ganye mai ɗaci yana nuna ɗacin bauta, ruwan gishiri hawaye ne, haɗin 'ya'yan itace da aka daka kuwa kwaɓin ginin da aka tilasta musu. Ƙaramin yaro a gidan shi ke yin tambayoyi huɗu, manya su amsa. Tun a farkon karatun akwai gayyata cikin harshen Aramaik ga duk mai jin yunwa, can gaba kuma a buɗe ƙofa saboda Annabi Iliya. Binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na Yahudawan Amurka sun halarci wannan walima, har da waɗanda ba su taka majami'a.

To, biki irin wannan, da aka gina a kan baƙo da kaka da jika, shi ne ya faɗo ranar 8 ga Afrilun 2020. Wata guda kafin nan an yi bikin Furim, mai cike da ziyara da aikewa da abinci gida-gida, aka kuma alaƙanta shi da yaɗuwar cutar a wasu unguwanninsu. A New Rochelle da ke jihar New York, Gwamna Andrew Cuomo ya killace wani yanki da ke kewaye da wata majami'a. A Isra'ila an rufe garin Bnei Brak, sannan aka kafa dokar hana fita a daren Seder ɗin kansa, kowa ya ci da waɗanda yake kwana da su kawai.

Matan gida suka fara jin jiki. Girkin wannan idi yana cin ƙwai ba kaɗan ba, tunda an hana yisti, ƙwai ne ke tayar da waina da kek. Sai ga shi ƙwai ya yi ƙaranci a Isra'ila har aka riƙa shigo da shi ta jirgin sama. Wadda ta saba dafa wa mutum ashirin ta koma dafa wa biyu. Matasan da ba su taɓa haɗa farantin ba, saboda kullum gidan iyaye suke zuwa, dole suka koya ta waya. Ni a ganina nan ne annobar ta yi wani alheri ba da niyya ba, domin ilimin da ke hannun tsofaffi kaɗai ya gangaro ƙasa.

Muhawarar da ta fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, ita ce ta ma'anar “halarta”. Masu tsantseni a cikinsu ba su taɓa kayan lantarki ranar Asabar ko ranar idi (kalmarmu ta Asabar ma, ta hanyar Larabci, tushenta ɗaya da Shabbat ɗinsu). Wasu malamai a Isra'ila, 'yan asalin Maroko mafi yawansu, ƙarƙashin Eliyahu Abergel, suka ba da fatawar cewa a wannan shekara kaɗai ana iya haɗuwa da tsofaffi ta Zoom, muddin an kunna na'urar kafin idi ya shiga. Hujjarsu ita ce kaɗaici ma cuta ne. Majalisar manyan malaman ƙasar ta yi watsi da fatawar. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan zama a gida ba, domin ƙa'idarsu ta fikuwak nefesh, ceton rai, tana gaba da kusan kowace doka. Nefesh ɗin nan ɗan'uwan nafs na Larabci ne. Saɓanin yana kan ko fuskar da ke cikin allo ta zauna a teburi ko ba ta zauna ba. Masu ƙin fatawar suna da madogara tsohuwa: Talmud ya tanadi cewa wanda ya kasance shi kaɗai, shi zai yi wa kansa tambayoyin. Ke nan kaɗaici ba ya ɓata walimar. Amma fa halascin abu daban, iya jure shi ga tsohuwa mai shekara 80 daban, kuma a nan nake ganin su Abergel sun fi kusa da halin da mutane ke ciki.

Sai kuma halin shugabanni, wanda ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan an hana talaka ganin 'ya'yansa, sai ta bayyana cewa Firaminista Benjamin Netanyahu ya yi walimar da ɗansa Avner, wanda ba a gida ɗaya suke zaune ba, Shugaban Ƙasa Reuven Rivlin kuma ya yi da 'yarsa. Rivlin ya nemi afuwa. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: jama'ar da aka zarga da taurin kai daga baya sun ga abin da na sama suka yi. Da aka sake rufe ƙasar ranar 18 ga Satumban 2020, jajibirin sabuwar shekararsu, biyayyar ba ta kai ta farko ba. A Amurka ma lamarin kotu ya kai: a Nuwamban 2020 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta dakatar da ƙayyade yawan masu ibada da Cuomo ya yi, bisa ƙarar ƙungiyar Agudath Israel da cocin Katolika na Brooklyn.

Zuwa idin 2021, allurar rigakafi ta sa an sassauta a Isra'ila, iyalai suka sake haɗuwa. A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa. Amma tsagar da Zoom ta yi ba ta rufe ba. Majami'u da dama na masu sassaucin ra'ayi a Amurka sun bar kyamarorinsu a kunne saboda marasa lafiya da na nesa, masu tsantseni kuwa har yau da zarar rana ta faɗi ranar Juma'a sai su ajiye waya.