Birnin Sofiya Da Wa'azin Tsohuwar Takarda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, akwai masu cewa yawon ganin biranen Turai ɓarnar dukiya ce, wai tafiyar da ba ta hajji ba ce, ba ta fatauci ba, gara zaman gida da ita. Wannan magana tana da hanya, amma ba ta cika ba. Gama tafiya mabuɗin ilmi ce, muddin mai tafiyar ya fita da idon lura. Birnin Sofiya, babban birnin ƙasar Bulgariya, ya isa shaida a kan haka.

Ita Sofiya tana arewa maso yamma da Santambul, a gindin wani babban dutse da ake kira Bitosha, wanda ƙanƙara kan lulluɓe shi da hunturu. Mutanenta sun haura miliyan ɗaya. Tsohon gari ne ƙwarai. Zamanin Rumawa ana ce da shi Sardika, har yau kuwa wanda ya sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta tsakiyar gari zai ga hanyoyinsu na dutse waɗanda aka tono. Turkawa suka ci garin wajen shekara ta 1382, suka riƙe shi kusan shekara 500, a nan ma babban hakimin da ke riƙe wa Sarkin Santambul ƙasashensa na Turai yake da zama. Cikin watan Janairu na 1878 rundunar Rasha ta shigo, Turkawa suka fita. A 1879 aka mai da garin babban birnin ƙasa.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne yadda gini yake sāke ubangida. Cocin Sofiya, wanda garin ya ci sunansa, an gina shi tun ƙarni na 6. Turkawa suka mai da shi masallaci, girgizar ƙasa ta 1818 da ta 1858 suka lalata shi aka ƙaurace masa, yau kuwa ya koma coci. Babban Masallaci mai ƙubba tara, na ƙarni na 15, yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne. Wani kuma da ake kira Baƙin Masallaci an mai da shi coci a farkon ƙarni na 20. Ga kuma babban cocin Alezanda Nebski mai ƙubba ta ruwan zinariya, wanda aka aza harsashinsa a 1882 don tunawa da sojan Rasha da suka mutu a yaƙin korar Turkawa. Kowane mai mulki ya zo ya rubuta sunansa a bango, na bayansa ya zo ya kankare. Ko 'yan gurguzu da suka hau a 1944, suka tilasta wa Musulmi sāke sunayensu a 1984 da 1985, har Turkawa fiye da 300,000 suka yi hijira a 1989, a cikin wannan shekara mulkinsu ya ruguje.

Daga cikin masallatai masu yawa da garin ya taɓa samu, guda ɗaya ya saura ana salla a ciki, watau Banya Bashi, ginin ƙarni na 16, wanda ake jingina shi ga Sinan, sarkin maginan Santambul. Ran Juma'a yakan cika har sahu ya fito waje. Tsakaninsa da majami'ar Yahudawa, wadda aka buɗe a 1909, 'yan taku kaɗan ne, ga kuma coci biyu a kusa. A bayan masallacin akwai idon ruwan zafi mai fitowa daga ƙasa, wanda tun Rumawa ake amfani da shi. An yi masa famfuna, mutane na zuwa da gorunansu suna ɗiba, ba a karɓar ko anini.

Wanda yunwa ta kama, sai ya nufi Kasuwar Mata, ba ta da nisa daga nan. Mutanen ƙasar ma'abota nono ne, kindirmonsu ya shahara a duniya, wani ɗan ƙasar ma, Istamen Girigorob, shi ya gano ƙwayar halittar da ke sa shi barci, a 1905. Da bazara sukan dama shi da ruwa da kokwamba da tafarnuwa, su sha da sanyi, suna ce masa tarato. Kalacinsu banitsa, watau fallayen ƙullin alkama da aka jera da farin cuku a tsakani aka gasa, a kora da boza, wani kunu mai kauri na alkama ko gero, wanda ya kamata a sha shi sabo tun bai yi tsami ba. Amma fa a yi hattara da abu biyu. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, har niƙaƙƙen naman da suke gasawa, kebabce, galibi da shi ake haɗawa, saboda haka miyar wake da kifi sun fi kwanciyar rai, ko kuwa a nemi masu sayar da halal a unguwar masallaci. Rakiya kuma da suke tarbar baƙo da ita giya ce mai ƙarfi. Falke zai tarar da man wardi, wanda ƙasar ta yi suna a kansa wajen masu turare. Sai dai in ana ciniki ya sa kunne ga baki, kada ya dogara ga kai, domin a al'adarsu girgiza kai na nufin i, gyaɗa shi kuwa a'a.

To, duk wannan share fage ne. Abin da ya fi cancanta malami ya gani a Sofiya yana cikin babban ɗakin karatu na ƙasa. A can akwai littattafan rubutun hannu fiye da 3,000 na Larabci da Turkanci da Farisanci, da yawansu daga ɗakunan karatu na waƙafi na garuruwa irin su Bidin da Samokob. A cikinsu akwai kwafen Nuzhatul Mushtaƙi na Sharif Idrisi, littafin da ya wallafa a 1154 a tsibirin Sikiliya, wanda ya ambaci ƙasashen Sudan kamar Gana da Gawo da Kanem. Wannan kwafe an rubuta shi a 1556, da taswirorinsa.

Labarin da ya fi wannan ban tsoro shi ne na shekara ta 1931. A wannan shekara aka kwashe tsofaffin takardun baitulmali daga Santambul, aka auna su a kan sikeli kamar auduga, aka sayar wa wata ma'aikatar yin takarda ta Bulgariya don a jiƙa su a niƙe. Aka loda su a taragai. Da mutanen Bulgariya suka gane abin da ke ciki, sai suka hana a niƙa, aka kai su ɗakin karatu, ga su nan a adane har yau, masana na zuwa daga ko'ina suna karantawa. Ku duba fa: jikokin masu takardun ne suka sayar, waɗanda suka yaƙi kakanninsu kuwa su suka adana. Gini in ya sāke hannu yana nan tsaye, wata rana a gyara shi. Takarda kuwa in ta shiga ruwa, shi ke nan, babu maginin da zai tā da ita.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gidaje nawa ne na malamai a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram inda gafaka ke jibge a zaure, gara na ci, ɗigar damina na jiƙawa? Malami yakan rasu, magada su raba gona da shanu a natse, littattafai kuwa a bar wa ɓera. Wasiƙun fatake na cinikin goro da takardun bashi ma haka, alhali kuwa a cikinsu tarihin kasuwa yake. Magani ba shi da wuya. A ɗaga gafaka daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana shan iska, a rubuta sunan kowane littafi da mai shi da wanda ya kwafa. Wanda ba zai iya riƙo ba, ya kai inda ake adanawa, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ya yarda a ɗauki hotonsu ya riƙe asalin. Attajirai kuma su sani, kuɗin da aka kashe wajen ceton littafi ba ya kasa na gina shago.

Wanda ya je Sofiya ya komo da man wardi kaɗai, ya yi ciniki. Wanda ya komo ya buɗe gafakar ubansa ya kakkaɓe, shi ne ya ci ribar tafiya. Allah ya ba da ikon gyarawa, amin. Haza wassalam.