Kafin a tafi ofishin jakadanci, a san inda kare zai kwana

Duk lokacin da Ma'aikatar Harkokin Waje ta tura jami'anta ofisoshin jakadanci, gidaje a Gwarinpa da Asokoro sukan shiga hidimar biza da sayar da mota. Karen da ya shekara biyar yana gadin gida kuwa, sai daren tafiya ake tunawa da shi, a danƙa wa maigadi igiyarsa da kuɗin abincin wata guda.

Wannan sakaci ne. Aikin maigadin kansa yakan ƙare ranar da aka mayar da makullin gida. Kuɗi na ƙarewa kare ya faɗa titi, kuma karen da rigakafinsa ya tsaya yana iya ɗaukar cutar haukan kare, wadda da wuya mutum ya tsira da zarar alamunta sun bayyana. Yara ne suka fi shiga haɗarin.

Tafiya da shi ma ba ta yiwuwa da gaggawa. Ingila da Tarayyar Turai suna buƙatar gwajin jini aƙalla kwana 30 bayan allura, sannan a jira wata uku. Amurka ta tsaurara ƙa'idojinta tun 1 ga Agusta, 2024.

Ya kamata neman sabon gida ya fara ranar da takardar canjin aiki ta iso. A je a ga gidan da ido, ko akwai katanga da inuwa, a miƙa katin rigakafi tare da kare. A yi hattara da mai ɗokin karɓa kyauta ba tare da ya tambayi ko sunan karen ba, domin ana cinikin naman kare a ƙasar nan.