Tsakanin caji ofis da kotu: inda shari'ar fyaɗe kan maƙale

A watan Satumba na 2020 ne tsohon Gwamnan Kaduna, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sa hannu a gyaran dokar laifuffuka ta jihar, wadda ta tanadi dandaƙa da kisa ga duk wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Idan wadda aka yi wa ta haura 14, hukuncin dandaƙa ne da ɗaurin rai-da-rai. Iyaye da yawa sun yi murna. Sai dai hukunci komai tsananinsa ba ya hawa kan kowa sai kotu ta gamsu da hujja, ita kuwa hujja tana bi ne ta hannu biyu da ba kasafai suke jituwa ba: ɗan sanda mai bincike da lauyan gwamnati.

Mu ɗauki iyali a Fadan Kagoma ko wani ƙauye na ƙaramar hukumar Jema'a da wannan musiba ta faɗa wa. Za su kai ƙara caji ofis, a kama wanda ake zargi. Tsarin mulki ya ce a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka 'yan sanda kan garzaya da shi kotun majistare. Ita kuma majistare ba ta da hurumin yanke hukunci a laifin da ya kai kisa ko rai-da-rai, sai ta tura shi gidan gyaran hali, ta ce a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Ofishin Daraktan Gabatar da Ƙara ne zai duba fayil ɗin ya ce ko akwai hujjar da za a je Babbar Kotu da ita. Sau da yawa ma sai an fara miƙa binciken ga sashen manyan laifuka na rundunar a birnin Kaduna, tafiyar sa'o'i daga Kafanchan.

A nan ake samun tirka-tirka. Ɗan sanda zai ce ya yi nasa, ya kama mai laifi, ya aika fayil, lauyoyi ne suka danne shi wata da watanni, ko suka ce a saki mutumin. Lauyan gwamnati kuma zai ce abin da aka kawo masa ba ya tsayuwa a gaban alƙali: babu rahoton likita, ba a je wurin da abin ya faru ba, ba a tabbatar da shekarun yarinyar ba, bayanin amsa laifi kuma wanda ake zargi zai ce dukansa aka yi ya sa hannu. Ranar shari'a a nemi ɗan sandan da ya yi binciken, a tarar an yi masa canjin wurin aiki. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Kowannensu yana da abin faɗa: mai binciken sau tari ba shi da ko kuɗin mai, lauyan kuma fayiloli sun yi masa katutu. Amma yarinya ce ke zaune a gida tana jiran adalci, idan kuma wanda aka kama ba shi ne ya aikata ba, shi ma yana can tsare babu ranar fita.

Abin da ya faru a Binuwai ya isa darasi. Ochanya Ogbanje, 'yar shekara 13, ta rasu a watan Oktoba na 2018 bayan fama da yoyon fitsari, kuma ƙasa ta ɗauki zafi a kan zargin cewa an daɗe ana lalata da ita a gidan da take riƙo. A watan Afrilu na 2022 Babbar Kotun jihar a Makurɗi ta sallami maigidan, ta ce masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da tuhumar ba. Daga cikin giɓin da alƙali ya nuna akwai rahotannin binciken gawa biyu da suka saɓa wa juna, da kuma rashin yi wa wanda ake zargi gwajin likita. A ranar ce kuma Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure matarsa wata biyar saboda sakaci wajen kare yarinyar. Duk hayaniyar da aka yi ba ta cike abin da aka bari tun farkon bincike ba.

To, me ya rage a hannun iyaye? Na farko, asibiti kafin komai. A Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan akwai Cibiyar Salama, wadda ke duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, ta ba su magani da shawara, ta kuma rubuta rahoton da kotu ke buƙata. Akwai irinta a Kakuri da Tudun Wada a Kaduna, da kuma Zariya. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar. Kada a yi wa yarinya wanka ko gashi kafin likita ya gan ta, kada a wanke kayan da ke jikinta. A naɗe su a takarda mai tsabta, ban da leda. Dalili shi ne Dokar Shaida ta 2011 ta ce ba a yanke wa mutum hukunci da shaidar yaro ɗan ƙasa da 14 kaɗai, sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta.

Na biyu, a bi sawun fayil. A rubuta sunan ɗan sanda mai bincike, a ajiye kwafin rahoton likita da takardar haihuwa, a tambayi ranar da aka aika fayil zuwa Ma'aikatar Shari'a. Idan an ji shiru, a rubuta takarda ga Babban Lauyan Jiha, domin sashe na 211 na tsarin mulki ya ba shi ikon karɓar kowace shari'ar laifi ta jiha. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna taimakawa a irin wannan bibiya.

Na uku, a guji sulhun bayan fage. Dattawan unguwa, ko na coci ko na masallaci, kan shigo da sunan rufin asiri, wani lokaci a caji ofis ma ake ba da shawarar a je a sasanta. Da zarar iyaye sun daina zuwa kotu, lauyan gwamnati ba shi da shaidu, shari'a ta mutu, mai laifi ya koma unguwa inda wasu yaran suke. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ga hukumomi kuwa, kiranmu shi ne lauyan gwamnati ya shigo tun makon farko na bincike, ya gaya wa ɗan sanda abin da kotu za ta nema tun hujja ba ta ɓace ba, a kuma ba caji ofis na karkara kuɗin kai yarinya asibiti da kai shaidu kotu.

Allah Ya kare mana zuri'a. Sai mun haɗu mako mai zuwa.