Kwamfutar makaranta: kowa ya danna "sabunta", wa zai ɗauki alhaki?

A makarantun ƙauye irin namu na karkarar Alakos, cikin gundumar Gure, kwamfuta ba kasafai take mutuwa da tsufa ba. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, sai wani ya samu rezo mai ƙarfi, saƙo ya fito cewa akwai sabon zubi na wata manhaja, ya danna, washegari manhajar ta ƙi buɗewa. Na fi ganin haka da manhajojin zane, waɗanda yara suka fi ƙauna. Daga nan sai a ce kwamfuta ta lalace, a rufe ta cikin kabad ɗin darakta ana jiran ranar da wani zai tafi Gure ko Damagaram ya kai ta wurin mai gyara. Ra'ayina shi ne, sabunta manhaja a kwamfutar makaranta hukunci ne da ya kamata a san mai yanke shi da lokacin yanke shi, kuma akasarin wannan matsala malami zai iya warware ta da kansa cikin awa guda.

Manhajar zane ta fi sauran saurin yin gardama, kuma akwai dalili. Manhajar rubutu haruffa kawai take nunawa, ita kuwa ta zane tana dogara da ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, da ƙaramar manhajar da ke tuƙa wannan ɓangare, wadda ake kira direba. Idan akwai allon zane mai alƙalami, shi ma da nasa direban. Sabon zubi kan zo yana neman abin da tsohon direba bai iya ba, ko kuma tsarin kwamfutar ya canza direban da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Wani lokacin kuma sabon zubin ne ke tuntuɓe da tsohon fayil ɗin saiti da ya tarar. Kwamfutocin da ke zuwa mana yawanci na hannu ne, sun gama aikinsu a wani ofis kafin su iso nan, masu rubuta manhaja kuwa da sababbin injuna suke gwaji.

Ga abin da nake gaya wa abokan aikina su yi, ɗaya bayan ɗaya, kafin a nemi kuɗin mota. A fara da kashe kwamfutar gaba ɗaya a sake kunnawa, domin sabuntawa da dama ba ta kammala sai an yi haka. In bai yi ba, a kwafe zanen yara a filash kafin a taɓa komai. Sannan a nemi fayil ɗin saitin manhajar a canza masa suna, kada a goge shi. Manhajar za ta ƙirƙiri sabo ta tashi kamar ranar da aka fara saka ta, in kuma ba shi ne matsalar ba, sai a mayar da tsohon suna. A Krita, misali, sunan wannan fayil kritarc. In har yanzu shiru, a duba direban hoto. Tunda kwamfutocinmu da Faransanci suke magana, a Windows sai a shiga "Gestionnaire de périphériques", a zaɓi ɓangaren hoto, a danna "Restaurer le pilote" don a koma tsohon direba. A cire allon zane ma a gwada ba tare da shi ba. Mataki na ƙarshe shi ne a cire sabon zubin a mayar da tsohon da aka san yana aiki.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne inda muke makalewa, domin ba kowa ke ajiye tsohon fayil ɗin sakawa ba. Wanda ke Yamai zai sauko da wani cikin minti kaɗan. Mu a nan, sauko da manhaja ɗaya na nufin sayen forfe daga aljihun malami, da neman inda rezo ke kamawa, da addu'ar kada ya katse ana dab da gamawa. Shi ya sa nake cewa kowace makaranta mai kwamfuta ta mallaki filash guda wanda ba ya fita daga ofis, ɗauke da fayil ɗin sakawa na kowace manhaja da ke aiki yau, tare da littafi da ake rubuta me aka saka, wace rana, wa ya saka. Kuɗin filash bai kai kuɗin mota zuwa Damagaram da dawowa ba.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙauyawa ce ko ta rashin sani. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, aka soke tashin jirage, bankuna da asibitoci suka rikice a ƙasashe da dama. Idan masu ƙwararru da kuɗi za su iya faɗawa, to makarantar da ke da kwamfuta ɗaya tak ga yara masu yawa ta fi kowa bukatar taka-tsantsan.

Na san abin da masana za su ce: ƙin sabuntawa buɗe ƙofa ne ga ɓarayin intanet. Suna da gaskiya. A watan Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta afka wa dubban kwamfutoci a duniya, har da asibitocin gwamnati a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba. Amma a rarrabe. Kwamfutar da darakta ke aika rahoto da ita, da wayar da ke ɗauke da kuɗin iyali, waɗannan kullum suna intanet, a riƙa sabunta tsaronsu. Kwamfutar da yara ke zane da ita kuwa, idan ba ta shiga intanet, babban hatsarinta shi ne filash ɗin da kowa ke sokawa. A hana soka filash barkatai, a bar manhajar zanen yadda take har babban hutu. Lokacin hutun damina ne ya dace a sabunta, a gwada, in ta ƙi akwai makonni na gyara kafin a koma aji a watan Oktoba. Windows kansa yana ba da damar dakatar da sabuntawa na ƴan makonni, kuma idan aka sa "connexion limitée" ba zai riƙa cinye forfe a ɓoye ba.

Akwai kuma batun irin manhajar da ake zaɓa tun farko. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da manyan manhajojinsa, ciki har da Photoshop, tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma suna bukatar leƙa intanet lokaci-lokaci don tabbatar da an biya. Wannan bai dace da makarantar da ke dogaro da hasken rana da gudummawar iyaye ba. Kwafin sata da ake sakawa a shaguna kuma ya fi kowanne saurin mutuwa da zarar an sabunta. Tux Paint, wadda aka yi don ƙananan yara tun 2002, da Krita da GIMP ga manya, duk kyauta ne, ba sa bukatar intanet, kuma ana samun tsofaffin zubinsu a shafukan masu su. Wannan ya ƙara muhimmanci tunda Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, yayin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Duk zanen da yaro ya gama, a fitar da kwafinsa a matsayin hoton PNG, domin fayil ɗin da sabon zubi ya ajiye ba lallai ne tsoho ya iya buɗe shi ba.

Wani uba zai ce, duk wannan a kan zane? Yaron da ke zana saniya da linzamin kwamfuta yana koyon riƙe hannu, da ajiye fayil, da nemo shi gobe, da gyara kuskure ba tare da tsoro ba. Ga yaranmu da yawa, wannan rabin awar ita ce kaɗai haɗuwarsu da kwamfuta kafin su bar firamare. Wata uku a cikin kabad zango guda ne ya tafi, kuma ɗan aji shida ba zai sake samun wannan zangon ba.

Saboda haka ina kira ga kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara, a zamansu na gaba su yanke abu uku: a naɗa malami ɗaya da shi kaɗai ke da izinin sakawa ko sabunta manhaja, a sayi filash ɗin ajiya da littafinsa, a kuma rubuta cewa ba a sabunta kwamfutar yara a tsakiyar zango. Makarantun horon malamai, irin su Askia Mohamed ta Damagaram, su ma su ware ko da yini biyu su koya wa ɗalibansu waɗannan matakai da hannu, a kan tsofaffin kwamfutoci irin waɗanda za su tarar a ƙauye. Masu ba mu kyautar kwamfuta kuma, muna godiya, amma a haɗo mana da fayilolin sakawa a filash.

Allah ya sa mu dace.