LASIN TUƘI A ƘASAR WAJE: ABIN DA KE WUYAN MATAFIYI MUSULMI



'Yan'uwa masu karatu, wannan mako za mu yi magana da mutanenmu na Birnin Kudu da Gwaram, da duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ko Umra ke fitar da shi ƙasar waje. Da yawa sukan shirya fasfo da biza da guzuri, amma ba a tunawa da lasin tuƙi sai ɗan sanda ya tsayar da mutum a ƙasar da ba shi da kowa.

A nan gida, lasin tuƙi na shekara 3 ne ko 5. Ana samunsa ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tare da ofishin haraji na jiha da jami'an gwajin tuƙi. Wanda zai daɗe a waje ya duba ranar ƙarewar lasinsa, ya sabunta kafin ya tashi. Akwai kuma lasin duniya, wanda yarjejeniyar Janiba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 suka tsara. Shi wannan fassarar lasin gida ne kurum, ba ya aiki shi kaɗai, kuma in na gida ya mutu shi ma ya mutu.

Kowace ƙasa da irin dokarta. A Saudiyya baƙo yana iya tuƙi da lasin duniya har zuwa shekara guda, amma wanda ya karɓi igama ya zauna, wajibi ne ya nemi lasin ƙasar. A Ingila ana yarda da lasin Nijeriya wata 12 daga ranar da mutum ya zama mazauni. Bayan haka ba a musanya shi, sai an ci jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi. Su kuma ta hagu suke bi, mu kuwa mun koma dama tun ran 2 ga Afirilu 1972. Mai shiga Kwatano ko Lome ko Akara da motarsa kuma, ya riƙe katin inshorar ƙasashen Afirka ta Yamma.

To, ina ruwan addini da wannan? Amsa ita ce biza alkawari ce. Wanda aka ba izinin shiga ƙasa ya yarda zai bi dokokinta muddin ba su umurce shi da saɓon Allah ba, cika alkawari kuwa wajibi ne ko da wanda ba Musulmi ba aka ƙulla shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, domin kare rai da dukiya aka sa su.

Saboda haka wanda ya ba ɗan kamasho kuɗi aka kawo masa lasin jabu, ko lasin da bai yi gwaji ba, ya haɗa rashawa da yaudara. In tsautsayi ya auku, kamfanin inshora na iya zamewa, ɗauri ko kora daga ƙasa na iya biyo baya. Wanda kuma sakacinsa ya jawo asarar rai, hukuncin kisan kuskure na aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ya hau kansa, wato diyya ga magada, da kaffarar azumin wata biyu a jere tun da babu bawan da za a 'yanta. Cewa ƙaddara ce ba ya sauke wannan nauyi.

Wani zai ce, ai ni shekara ashirin ina bin hanyar Kano ta Wudil, ban taɓa buge ko akuya ba. Madalla. Amma gwanintar hanyar Wudil ba ta sanar da mutum alamomin titin Jidda ba, kuma hukumar can takarda take dubawa. Rigakafi ya fi magani.

Muna roƙon limamanmu da masu bita ga maniyyata su riƙa tunatar da jama'a wannan al'amari. Wanda takardunsa ba su cika ba, ya haƙura ya shiga motar haya, ba abin kunya ba ne.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.