Tsofaffin kofunan gilashi masu launi: na ado ne ko na amfani?

Uwargida, idan kin gāji wasu 'yan kofunan gilashi masu launi daga kayan ɗakin kaka, ko kin tsinto su a gwanjo, dakata kafin ki zuba wa yara komai a ciki. Irin waɗannan ƙananan kofuna masu mariƙi ɗaya, Turawan Ingila sun yi yayinsu a ƙarni na 19, suna shan kastad da su bayan cin abinci. Sanin shekarun kofin shi zai nuna miki inda ya dace ki ajiye shi.

Fara da kife shi ki duba ƙasansa. In kin ga tabo kamar cibiya a tsakiya, da baki aka hura shi, tabon kuwa wurin da aka ɓalle sandar maƙeri ne. In kuma kin ji siririn layi a gefe kamar ɗinki, a mazubi aka matse shi, dabarar da ta fara yaɗuwa daga Amurka a shekarun 1820. Alama mai siffar daiman da haruffa a kusurwoyinta rajistar Ingila ce ta tsakanin 1842 da 1883. Daga 1884 aka koma rubuta "Rd" da lamba. Tambarin kan ɗawisu na kamfanin Sowerby ne da ke Gateshead.

Launin ma yana magana. Ja mai haske irin na yaƙuwa da ɗan zinari ake samar da shi. Rawaya mai sirkin kore kuwa sau da yawa sinadarin yuraniyom ne. Ki ari fitilar da 'yan kasuwa ke gwada jabun kuɗi da ita, ki haska shi cikin duhu. In ya yi kore shar yana walƙiya, to shi ne. Tururin da yake fitarwa kaɗan ne, ajiye shi a kabet ba matsala.

Abin lura shi ne dalma. Tsohon gilashi mai nauyi, wanda in an ƙwanƙwasa yake daɗe yana amo, yakan ƙunshe ta. Abu mai tsami kamar zoɓo, tsamiya ko lemo yana janyo ta cikin abin sha, ita kuwa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce.

Don haka a wanke su da hannu, a jera su don ado. Kunun yara da na mai juna biyu kuwa, a zuba a kofin zamani.